"AI WANE YA FAƊA!" SHIN CIKAR MAGANAR ƊAN SIYASA HANGEN NESA CE?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, tun daga teburin mai shayi har bakin kogi inda ake jiran kwale-kwale: "Ai wane ya faɗa!" Da zarar wata masifa ta sauka, sai a tono tsohuwar maganar wani ɗan siyasa, a yi ta yawo da ita daga waya zuwa waya, ana cewa ga mai hangen nesa, ga wanda ya ga abin da sauran jama'a ba su gani ba. Daga nan sai sojojin baka su ɗora da cewa tunda maganarsa ta cika, shi ya cancanci ƙuri'armu. Mu kam ba mu yarda ba, kuma gara mu faɗi dalilanmu yanzu, tun kafin gangar zaɓen 2027 ta toshe wa kowa kunne.

Bari mu fara da misalin da ya fi tashe, wato tallafin man fetur. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, jama'a suka cika tituna daga Legas har Kano, ala tilas gwamnati ta sauko zuwa naira 97. A lokacin Jonathan da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala da gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi sun yi ta gargaɗin cewa tallafin nan zai ƙarar da baitulmali. Aka yi shekara 11, kuɗin tallafi ya haura naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu, wanda yana cikin waɗanda suka soki janyewar 2012, ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafi ya tafi. Shi ke nan sai aka shiga tafi: ai Jonathan ya faɗa!

E, ya faɗa. To amma da me ya gani? Littafin kuɗin ƙasa yana gabansa. Duk wanda ya ga abin da ke shiga aljihun gwamnati da abin da ke fita, ya san inda tafiyar za ta ƙare. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu taɓa jin an yi wa mai ɗaki kirari don ya san inda ɗakinsa ke yoyo ba. Abin da ake tambayarsa shi ne, ya hau ya gyara kafin damina ko kuwa?

Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta fi dala 100 a kasuwar duniya. Kuɗi sun shigo. Matatun mai na Kaduna da Warri da Fatakwal ba su tashi sun wadata ƙasa ba. A watan Afrilun 2012 kwamitin Majalisar Wakilai ya bankaɗo ɓarnar kusan dala biliyan 6.8 a harkar tallafin cikin shekara 3. Marigayi Muhammadu Buhari ya zo ya yi shekara 8, shi ma ya san ciwon, ya tafi ya bar wa na bayansa kasafin da tallafinsa ya tsaya a watan Yunin 2023. Kowa a cikinsu ya sani, kowa ya faɗa a lokacin da faɗar ta yi masa daɗi. Da ranar ta zo, wa aka tanadar wa abin rage raɗaɗi? Ku tambayi manomin shinkafar rani da ke sayen fetur a galan don injin ban ruwa. Ku tambayi mai kwale-kwalen inji, ko matar da za ta kai marar lafiya asibiti Jalingo, nawa take biyan mota yanzu. Cikar maganar wane ba ta rage musu ko sisi ba.

Akwai kuma hasashe iri na biyu, wanda ya fi na farko rainin hankali: mutum ya faɗi abin da shi da hannunsa zai aikata. Kowa ya tuna gwamnonin PDP 5 da suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu Atiku Abubakar baya a zaɓen 2023, wato Wike da Makinde da Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi. In wani a cikin magoya bayansu ya bugi ƙirji ya ce ai tun farko sun hango faɗuwar jam'iyyar, sai mu ce masa wanda ya sa gatari a gindin bishiya ba ya bukatar ɗan duba ya gaya masa za ta faɗi. Kuma in hangen nesa ne da gaske, me ya hana Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi hango cewa su ukun duk za su sha kaye a takarar sanata a wannan zaɓen?

Na uku, ba ma ƙirga waɗanda ba su cika ba. Ɗan siyasa yana magana kullum, a rediyo, a taron ɗaurin aure, a filin kamfe. Cikin magana ɗari dole ɗaya ta dace, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ita za a ɗauko a goge a nuna mana, sauran 99 a binne. A zamanin Abacha an yi mana alkawarin ƙasa mai albarka a shekarar 2010. A zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka ƙaddamar da shirin da ya ce Najeriya za ta shiga jerin ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki a 2020. Shekarun sun zo sun wuce. Wa ya tono waɗannan jawaban ya ce ai wane ya faɗa?

To mu dawo gida, inda abin ya fi shafarmu. Mu mutanen Lau a bakin Binuwai muke kwana muke tashi. Babu wani hasashe da ya fi sauƙi a ƙasar nan kamar a ce kogi zai yi ambaliya. Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, a saman wannan kogin namu, kusa da Garwa. Tun wancan zamanin ake maganar madatsar Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore ta jihar Adamawa, wadda za ta riƙe ruwan in an sako shi. Sama da shekara 40 ke nan ba a gama ta ba. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasa, ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu, kamar yadda hukumar NEMA ta bayyana. A 2022 sama da mutum 600 suka mutu. Mu da Karim Lamido da Gassol da Ibi ba labari aka ba mu ba. Ministan ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya ce ruwan sama ne babban sanadi, ba Lagdo ba. To ko ma wanne ne, gonar da ta nutse ba ta tambayi asalin ruwan ba.

Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwan farko ya sauka, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ambaliya ke barazana gare su. A watan Satumban 2024 an sanar ƙarara cewa za a sako ruwan Lagdo, aka ambaci jihohi 11 har da Taraba. Bayan wannan, tsohon masuncin da ya shekara 50 yana jefa koma ya san kogin nan kamar tafin hannunsa. Ya san inda ruwa ya kai a jikin bishiya bara, ya san launin da yake canjawa in cika ta kusa. Saboda haka duk mai neman kujerar da ya zo ya ce mana "na gaya muku ruwa zai zo", bai kawo mana sabon abu ba. Ya karanto takardar da ma'aikata suka rubuta ne, ko ya maimaita abin da yaron masunci ya sani. In ruwan ya zo kuma ya dawo da buhun shinkafa da tabarma da mai ɗaukar hoto, wannan sunansa ihu bayan hari.

Mene ne hangen nesa ke nan? Muna da misali wanda Musulminmu da Kiristanmu duk sun san shi tun suna yara: labarin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya fassara mafarkin sarkin Masar, shekara 7 na yalwa, shekara 7 na fari. Amma bai tsaya nan ba. Ya faɗi yadda za a adana hatsi, ya karɓi ɗawainiyar rumbunan ƙasa, ya yi aikin. Da fari ya zo, mutane suka samu abin ci, har daga wasu ƙasashe ake zuwa awo. Abin da ya ceci rayuka shi ne rumbun da aka cika a shekarun yalwa.

Muna kuma da misali na kusa. Audu Bako ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ya dubi ƙasar da ruwan samanta na 'yan watanni ne, ya sa aka gina madatsun ruwa, ciki har da Tiga da aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa da Nijar. Yau manoman Kura da Kadawa suna noman rani da wannan ruwan, tumatir da shinkafarsu na ciyar da garuruwan da ba su san sunansa ba. Ba mu san wani jawabinsa da ake yawo da shi ana cewa ya cika ba. Aikin ne ke magana, sama da shekara 40 bayan rasuwarsa.

Za a ce mana, to wanda ba ya kan mulki fa, ai baki kawai gare shi, laifi ne ya yi gargaɗi? Ba laifi ba ne, gargaɗi alheri ne, kuma muna girmama duk wanda ya faɗi gaskiya a lokacin da faɗarta ke jawo masa asara. Amma a lura da abu ɗaya. Gargaɗin da aka yi aiki da shi, sau da yawa ba a ganin cikarsa. In shugaba ya hango ambaliya ya kwashe mutane zuwa tudu a kan kari, babu gawar da za a nuna a ce ga shaida. Shi kuwa wanda ke jiran masifa ta auku don ya ce "na faɗa", ribarsa tana cikin asararmu. Al'ummar da ke yi wa irin wannan tafi tana koya wa 'yan siyasarta su riƙa yi mata fatan sharri.

Don haka ga ma'auninmu, kuma muna roƙon kowa ya riƙe shi, ko wace jam'iyya yake. Duk wanda aka kawo mana da sunan mai hangen nesa, shugaban ƙaramar hukuma ne, ɗan majalisar jiha ne, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Karim Lamido da Lau da Ardo Kola ne, sanatan Taraba ta Arewa ne, ko mai neman ɗaya daga cikin kujerun nan, mu yi masa tambaya 4. Yaushe ya faɗa, kafin kowa ya sani ko bayan hukuma ta riga ta sanar? Wane dalili ya kafa a lokacin, ko canki-canka ne kawai? Sauran maganganunsa nawa ne ba su cika ba? Sannan babbar tambaya: da ya sani, me ya yi da ikon da ke hannunsa? In ɗan majalisa ne, ya nuna mana ƙudurin da ya kai kan Dasin Hausa ko yashe kogi, da inda aka kwana. In mai zartarwa ne, ya nuna mana filin tudun da ya tanada, da kwale-kwalen ceto da rigunan ruwa, da irin shinkafa mai saurin nuna da ya raba wa manoma kafin shuka, da maganin kwalara da ya ajiye a asibiti kafin ruwa ya taso. In bai taɓa riƙe muƙami ba, ya gaya mana dalla-dalla abin da zai yi da inda kuɗin za su fito.

Mu ma kanmu akwai aiki a gabanmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka san ruwa na zuwa, mu daina gini a kan hanyarsa, mu saurari sanarwa, mu kwashe hatsi da dabbobi a kan lokaci, mu rubuta alkawuran da aka yi mana da kwanan wata, don ranar da za a dawo neman ƙuri'a mu buɗe littafi. Ƙuri'armu ta fi ƙarfin a saye ta da tsohon bidiyo.

Allah Ya tsare garinmu daga ambaliya da fitina, Ya ba mu shugabanni masu aiki da abin da suka sani. Amin.