Shaidar Baƙin Kabon: Ma'aunin Zafin Duwatsu da Iyakarsa

Da yawa daga duwatsun da ke ƙololuwar tsaunukan Alf da Himalaya a yau sun taɓa zama a binne can ƙarƙashin ƙasa, inda zafi da matsi suka sauya musu kama. Masana suna kiran irinsu rikiɗaɗɗun duwatsu, kuma tambayar da suke fara yi wa kowane ɗaya ita ce: wane irin zafi ya sha? Da amsar ne ake sake gina tarihin tsauni, a gane ɓangaren da ya nutse da wanda ya hau kan wani. Idan amsar ta kauce, labarin duka ya kauce.

Ɗaya daga hanyoyin samun amsar ta dogara ne a kan baƙin abin da ke warwatse cikin dutsen. Yawancin waɗannan duwatsu asalinsu laka ce ta ƙasan teku, gauraye da ragowar halittun da suka mutu. Yayin da zafi ke ƙaruwa, wannan ragowa takan zubar da sauran sinadaranta, ƙwayoyin kabon su riƙa jeruwa shimfiɗa a kan shimfiɗa, har su zama garafait, wato abin da ke cikin fensir. Muhimmin abu shi ne jeruwar ba ta warwarewa idan dutse ya huce. Saboda haka kabon yana riƙe da shaidar zafi mafi tsanani da dutsen ya taɓa gani, alhali wasu ma'adinai sukan sauya shaidarsu a kan hanyar fitowa sama.

Ana karanta wannan shaida da hasken lesa, bisa abin da masanin Indiya C. V. Raman ya gano a Kalkata a 1928, wanda ya ba shi lambar Nobel a 1930. Idan aka haska abu, wani ɗan kaso na hasken da ya dawo yakan sauya gwargwadon tsarin ƙwayoyinsa, na'ura kuma ta zana sauyin a matsayin tuddai. Tudun da ke wajen 1580 a ma'aunin na'urar alamar tsari ne, na wajen 1350 kuwa alamar rashin tsari. A 2002, Olivier Beyssac na Faransa da abokan aikinsa suka nuna cewa tudu na biyun yana raguwa daidai da hauhawar zafi, daga digiri 330 zuwa wajen 650 a ma'aunin Salshiyos, da kuskuren da zai iya kai digiri 50 sama ko ƙasa. A 2010 aka faɗaɗa hanyar zuwa kimanin digiri 200, da duwatsun Alf na Suwizalan.

Hanyar ta cancanci karɓuwar da ta samu. Tana aiki a baƙaƙen duwatsun laka da ba su da manyan ma'adinan da tsofaffin hanyoyi ke buƙata. A Nepal, ta taimaka wajen tabbatar da cewa akwai wuraren da duwatsun sama suka fi na ƙarƙashinsu shan zafi, abin da ke nuna yadda aka turo wani ɓangaren ƙasa a kan wani.

Sai dai sauƙin hanyar shi ne haɗarinta. Kwamfuta takan fitar da lamba tsaf, kamar 437, mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare, alhali abubuwa da dama na iya gurɓata ta. Gogar da ake yi wa yankin dutse kafin awo tana lalata tsarin kabon na sama, shi ya sa ake auna wanda ke ɓoye a ƙarƙashin ma'adini mai barin haske ya ratsa. Wani garafait ɗin kuma baƙo ne: ruwa ne ya kwaso shi daga tsohon dutse ya zuba a lakar, yana ɗauke da tarihin da ba nata ba. Murzawar da dutse ke sha a inda ƙasa ta tsage tana iya wargaza tsarin, zafin ya bayyana ƙasa da yadda yake. Ko yadda ake rarrabe tuddan zanen ma ya bambanta daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan.

Masu kare hanyar sukan ce tana iya bambance duwatsu biyu da tazarar digiri 10 zuwa 15 kacal. Gaskiya ne, amma da sharaɗin na'ura ɗaya da tsarin aiki ɗaya. Wanda ya kwaso lambobi daga bincike daban-daban ya jera su a taswira guda, ya zarce abin da shaidar ta faɗa. Bugu da ƙari, kabon ba ya faɗin yawan matsi, ba ya faɗin lokacin da zafin ya auku.

Abin da ya kamata shi ne a ɗauki kabon a matsayin shaida ɗaya a gaban alƙali: amintacce ne, amma ba a yanke hukunci da bakinsa kaɗai. A auna wurare masu yawa a kowane yanki na dutse, a bayyana saɓanin da aka samu, a rubuta girman kuskure kusa da kowace lamba, sannan a gwada sakamakon da abin da sauran ma'adinai suka nuna. Lambar da aka kawo ba tare da kuskurenta ba, rabin labari ce.