Tarwadarmu ta gaji da shan magani

Duk wanda ya shiga kasuwar kifi ta Kado a Abuja da safe zai tarar da tarwada tana mutsu-mutsu cikin manyan bahuna, an kwaso ta daga tafkunan Gwagwalada da Kuje da Bwari. Abin da mai saye ba ya gani shi ne abin da kifin ya sha kafin ya iso. Da zarar 'ya'yan kifi sun fara mutuwa, masu kiwo da dama sai su ruga kanti su sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, su cakuɗa da abinci ko su zuba a ruwa, babu likita, babu awo. Ragowar maganin na iya zama a naman, ruwan tafkin kuma ya malala gonaki. A haka ƙwayoyin cuta ke koyon bijire wa magani.

Akwai mafita, kuma a cikin hanjin kifin take. Hanjin yawancin dabbobi cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani. Suna taya narkar da abinci, su mamaye bangon hanji har masu cutarwa su rasa wurin zama, su kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Irin aikin da ƙwayoyin cikin kindirmo ke yi wa cikin ɗan Adam ke nan.

A garin Padstow na Ingila akwai cibiyar ƙyanƙyasar lobsta, babban ɗan'uwan jatan lande da ke zaune a teku. Masu bincike a can sun sa irin waɗannan ƙwayoyi masu amfani, wato Bacillus, cikin abincin 'ya'yan lobsta, suka ga girmansu ya ƙaru. Tarayyar Turai kuwa tun 2006 ta haramta bai wa dabbobi maganin kashe ƙwayoyin cuta don kawai su yi saurin girma.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, kuma abinci ne ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo. Duk abin da zai sa kifi ya amfana da abin da ya ci, riba ce a aljihu. Sai dai ƙwayar da ta yi aiki a ruwan sanyin Ingila ba lallai ta jure zafin Maris a Gwagwalada ba. Dole mu nemo namu daga hanjin tarwadarmu.

Muna da wuraren yin wannan aiki: cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, da Jami'ar Abuja, da hukumar fasahar halittu da ke Lugbe. Su ware ƙwayoyin, su gwada su a tafkunan manoma, NAFDAC ta tantance abin da za a sayar.

Kai kuma mai kiwo, ka riƙa canza ruwa a kan kari, ka rage cunkoso a tafki, kada ka zuba magani sai likitan dabbobi ya duba. Kifin da kake sayarwa, 'ya'yanka ma shi suke ci.