Filin kiwon lafiya: hasken lazer da ramin haƙori

Ɗan kasuwar da aka cire ma haƙori ranar alhamis, tunaninsa guda ne: ko zai iya buɗe butiki ranar juma'a, tunda litinin da juma'a ne kasuwar Maraɗi ke cika. Ma'aikacin gwamnati kuma kwanakin da zai yi bai je biro ba yake ƙirgawa. Shi ya sa duk wanda ya ji labarin wani haske mai gaggauta warkewa sai ya kasa kunne.

Haƙorin da ake magana a kai shi ne turmi na ƙarshe, wanda Turawa ke kira haƙorin hankali, domin yana fitowa ne tsakanin shekara 17 da 25. Sau da yawa ba ya samun wuri a muƙamuƙi, sai ya fito a karkace ko ya maƙale cikin ƙashi. Cire irin wannan aikin tiyata ne: lokotoro yana ɗaukar hoton radiyo, ya tsaga dasashi, wani lokaci har ya rage ƙashi. Bayan aiki kumburi yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a kwana na 2 ko na 3, baki ya ƙi buɗuwa sosai, sa'an nan abin ya lafa cikin mako guda.

Lazer kuwa, Theodore Maiman ne ya ƙera na farko a Amurka a 1960. A 1967 wani lokotoro na ƙasar Hungari, Endre Mester, ya lura cewa ɓerayen da aka aske, aka haska ma lazer mai rauni, gashinsu ya fi saurin tsirowa. Daga nan wannan hanya ta samo asali. Hasken ba ya yanka, ba ya ƙonawa. Ana ɗora bakin na'urar a kunci ko kusa da raunin na ɗan lokaci, maras lafiya na sanye da tabarau na kariya. A ganin masana, ƙwayoyin jiki na shan hasken, su ƙara kuzari wajen gyaran rauni.

An gwada abin a ƙasashe da dama, har a bakin mutum guda: a haska gefe ɗaya, a bar ɗayan. Wasu gwaje-gwajen sun nuna raguwar zafi da kumburi da ƙagewar baki; wasu ba su ga bambanci ba, ga shi kuma na'urori da yawan hasken da aka ba sun sha bamban. Ke nan lazer taimako ne ɗan kaɗan. Ba ya maye gurbin hannun gwani, ba ya maye gurbin magani.

Abin da ke warkar da ramin haƙori shi ne gudan jinin da ke daskarewa a ciki. In ya fita, ƙashi ya tsaya a fili, zafi mai tsanani ya taso bayan kwana 2 zuwa 4, har ya hau kunne. Tsaron wannan gudan jini ba ya cin ko dala. A ranar farko a ciji audugar da aka sa, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle a kunci, kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da yawu. Daga washegari a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri. A ajiye sigari da taba da goro da kilishi da shayi mai zafi na ƴan kwanaki; kunun da ya huce da fura mai laushi sun isa.

Mutumin Tibiri ko na Jiratawa da ya shigo birni aka yi masa aiki, kada ya hau kabu-kabu ya koma gida bai sayi maganin da aka rubuta masa a farmasi ba. Ƙwayoyin tebur ba a san asalinsu ba, kuma asfirin na hana jini tsayawa. Manomin rani na Jiratawa ya dakata da aikin ƙarfi kwana 2 ko 3. In zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya gangara wuya, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, to ba a jiran wayewar gari: sai babban asibitin jihar Maraɗi, domin ruɓar da ta bi ƙarƙashin muƙamuƙi tana kisa.

Wanda aka yi ma tayin lazer, a gida ko a hanyar fatauci, ya tambayi kuɗin kowane zama da yawan zaman da za a yi. In yana da hali, babu laifi. In kuwa jikunan da ke hannunsa ba su isa duka ba, radiyo da magani ne kan gaba. Wanda ya koma butiki tun ramin bai kama ba, mai yiwuwa ya rasa kasuwa biyu maimakon ɗaya. Sauri kan haifi nawa. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi.