Wai Birki Sai Bakanike?

Yau zan ɗan jingine labari in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake yankar masu mota a gareji da sunan gyaran birki, da yadda su masu motar suke miƙa wuya kamar ragon layya.

Ku duba littattafanmu na kasuwa. Duk sanda marubuci ya gaji da wani Alhaji a labarinsa, ko yake son yarinya ta zama marainiya kafin shafi na talatin, sai ya ɗora iyayenta a hanyar Kano zuwa Zariya, ya ce birki ya tsinke. Shi ke nan, sai zaman makoki. Wannan hoton ne ya zauna a kan mutane: birki wani abu ne mai kama da aljani, yana lafiya ƙalau yanzu, an jima ya kashe ka. To da wannan tsoron wasu kanikawa suke cin abinci. Da bakanike ya leƙa ƙasan taya ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, Allah ne ya kiyaye ka zo nan da ranka," to ciniki ya ƙare. Ko nawa ya faɗa za ka laluba aljihu, har da godiya.

Alhali birki ba kasafai yake mutuwar fuju'a ba. Yana yin jinya, yana nishi, sai dai in ba a saurare shi ba. Kuma aikinsa bai kai tsarin labarin soyayya mai mata huɗu rikici ba. In ka taka birki, man birki ne yake bi ta cikin bututu ya tura wani fistin da ke cikin kalifa, fistin ɗin ya matse fad guda biyu a jikin farantin ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda kanikawa ke kira diski. Gugar nan ce take tsayar da mota. Fad ɗin dama don ya cinye aka yi shi, kamar sabulu. Sabo kaurin namansa kan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen milimita 3 lokacin canji ya yi. Da yawa daga cikinsu ma akwai ɗan ƙarfe da aka maƙala musu, wanda zai fara taɓa diski yana ƙara mai tsini da zarar naman ya kusa ƙarewa. Na gaba sun fi saurin cinyewa domin nauyin mota gaba yake komawa in an taka birki. Iyakar karatun ke nan. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin mutumin da ya iya lissafin ribar shagonsa?

Yanzu ga inda kuɗin yake zurarewa. Ka je da ƙarar fad, a ce maka diski ma ya tafi. Wani lokacin gaskiya ne, in an bar fad ya cinye har ƙarfe ya ci ƙarfe. Amma a jikin diskin kamfani yakan buga lambar mafi ƙarancin kaurin da ya halatta, kuma aunawa ake yi, da ido ba a yanke hukunci. Bakanike nawa ka taɓa gani ya auna a gabanka? Sai kuma man birki. Yayin da fad yake cinyewa, man da ke cikin ɗan tulun nan na ƙarƙashin bonet yakan ɗan ja baya a hankali, wannan ɗabi'arsa ce. Sai a nuna maka a ce masta na yoyo, a rubuta maka kuɗin masta. Uwa uba cinikin kaya. Ka ba yaron gareji kuɗin sabon fad da kuɗin Adaidaita zuwa Kofar Ruwa, ya dawo da kwali mai ƙyalli, abin da ke ciki kuwa Allah ne masani: ko jabu, ko ɗan Beljiyam da aka goge, ko tsohon ƙarfe da aka liƙa wa sabon nama a bayan kasuwa. Ka biya kuɗin na gaske, an ci riba a kai, ka kuma biya kuɗin aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi a bayansa, kayan mota suka yi tashin gwauron zabo, sai abin ya zama rufin asiri ga mai son cuta. Duk farashin da aka faɗa, amsar ɗaya ce: dala.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu mota girman kai ya yi mana katutu. Mutum zai shekara goma yana tuƙi bai taɓa tsugunawa ya leƙa tsakanin ƙarafan tayarsa ba, wai kada shaddarsa ta ɓaci, wai kada maƙwabta su ce karayar arziki ta zo. Mata kuwa abin ya fi muni, domin ana ganin Hajiya ta shigo gareji ita kaɗai ake ƙara mata kaso na musamman. Hajiya, ba a ce lallai ki ɗauki sifana ba, amma in kin san sunan abin da ya lalace, kin kuma ce a nuna miki, rabin kuɗin nan zai zauna a jakarki.

Ni dai fad ɗin gaba na tsohuwar Corolla ɗina da hannuna nake canzawa, ranar Asabar bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Ga yadda abin yake. Ka tsayar da mota a wuri mai tauri da ya daidaita, ban da kan rairayi, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse ko katako. Ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Nan ne wurin da ba a wasa: jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, sai ka sa ƙarfen tokara a ƙarƙashi, ka kuma tura tayar da ka cire ƙasan motar don ko ta kwana. Bulon siminti yana farfashewa ba sallama, kada ka dogara da shi. A bayan kalifa akwai kusoshi biyu, a irin motata sifana mai lamba 14 ce take kwance su. Ka ɗaga kalifar ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon mai, domin tiyon nan shi ne jijiyar wuya. Ka zare tsofaffin fad, ka kalli yadda suke zaune kafin ka zare, ga waya nan a hannunka, ɗauki hoto. Ƙurar da ke wurin kada ka hure ta da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba abin shaƙa ba ce.

Sabon fad ya fi kauri, saboda haka sai an mayar da fistin ciki. Ka buɗe murfin tulun mai, ka ɗora tsohon fad a kan fistin ɗin ka matsa a hankali da matsin kafinta, kana duba kada man ya yi ambaliya, don yana cin fenti. Ka goge sandunan da kalifa take zamewa a kansu ka shafa musu giris na birki, amma ko ɗigo kada ya taɓa fuskar fad ko diski. Ka mayar da komai ka ɗaure tam. Abin da ka yi a dama ka yi a hagu, ba a canza ɓari guda, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe. Sannan abin da ya fi komai: kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka, domin takun farko iska zai tafi har ƙasa. Ka gwada a layinku a hankali, kwanakin farko kuma ka guji taka birki da ƙarfi sai dole, har fad ɗin ya zauna.

Na san abin da za a ce. Za a ce birki rai ne, wannan marubucin zai sa mutane su kashe kansu. To ai don rai ne nake maganar. Wa yake ɗaure maka birki a gareji? Sau tari ba ogan ba ne, yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu da ya fara koyo bara, ogan yana can gindin bishiya yana cinikin wata motar. A garejin ne ake toshe bututun taya ɗaya in yana yoyo, a ce je ka da uku. A nan ne ake ɗura ruwan sabulu a madadin man birki a motocin haya. Tsakanin wannan da mai motar da zai ɗauki 'ya'yansa a ciki gobe da safe, wa zai fi duba kusa sau biyu?

Za a kuma ce ina hana talaka cin abinci. Allah ya kiyaye. Akwai kanikawa masu tsoron Allah, na san su, kuma su ba sa jin haushin mai mota da ya san abin da yake ciki, sauƙi ma yake kawo musu. Kuma aikinsu yana nan jibge. In birki ya yi laushi kamar ka taka burodi, ko yana nutsewa a hankali in ka riƙe, ko ka ga mai a bayan taya, ko fitilar ABS ta kama, wannan ya wuce aikin ƙofar gida, kai wa mai sana'a. Birkin baya ma ba duka ɗaya ba ne: na duram cike yake da sifirin da sai an saba, wasu kalifofin baya kamar na Golf murɗa fistin ake yi da maɓalli na musamman, turawa kawai ɓata shi take yi, motocin zamani masu birkin hannu na lantarki kuwa galibi sai an haɗa da kwamfuta. Canjin man birki gaba ɗaya, wanda kamfanoni da dama suke cewa a yi duk shekara biyu saboda yana shan danshi, shi ma yana son mutum biyu da sanin yadda ake fitar da iska.

In ka kai musu, ka je da kayanka da ka sayo da kanka a wurin wanda ka amince da shi, da tsohon fad a hannu ko lambar motarka don kada a ba ka na wata. Man birki ka karanta murfin tulun, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, ka sayi wanda ba a fasa bakinsa ba. A yanke kuɗin aiki tun kafin a ɗaga jak. Ka tsaya a wurin, ko da za a ce ka cika sa ido. Duk abin da aka cire kuma a zuba maka shi a but, naka ne, da kuɗinka ka saya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.