Fotasiyam ya sauka bayan allura? Kada a yi saurin naɗe tabarma

Yau za mu duba fotasiyam, wani sinadarin gishiri da zuciya ke dogaro da shi wajen bugawa. Daidai awonsa a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0. Ƙoda ce ke fitar da rararsa ta fitsari, idan ta gaza sai ya taru. Da zarar ya kai 6.5, zuciya na iya tsayawa ba sallama, alhali mutum yana zaune yana hira.

Masu jinya a Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta kan ga an jera wa irin wannan majinyaci magunguna uku. Allurar kalsiyam tana ba zuciya kariya cikin mintuna, amma ba ta rage fotasiyam ko kaɗan, ƙarfinta kuma ba ya wuce awa guda. Sai insulin da ruwan gulukos, ko da mutum ba shi da ciwon sukari: yana kora fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, awon ya ragu da kusan 1 na tsawon awa huɗu zuwa shida. Na uku shi ne salbutamol na shaƙa, maganin masu asma, wanda ke taya insulin aiki.

To, a nan gizo ke saƙar. Sakamako yana yin kyau sai dangi su ce a sallame su, ko su ƙi biyan kuɗin wani gwajin. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin fotasiyam na nan a jiki, zai kuma komo cikin jini. Abin da ke fitar da shi shi ne maganin sa fitsari irin furosemide, idan ƙodar na da sauran ƙarfi, ko garin resonium mai jan sa ta hanji sannu a hankali, ko wankin ƙoda, wanda ya fi su duka tabbas.

Don haka a bari a maimaita gwaji. Bayan insulin, in majinyaci ya fara gumi, karkarwa ko ruɗewa, a kira nas nan take, sukarinsa ne ke faɗuwa. A kawo duk magungunan da yake sha a gida, har jiƙo, domin lisinopril, losartan, spironolactone, diclofenac da ibuprofen duk suna iya ɗaga fotasiyam. 'Yan dubiya kuma a tambayi likita kafin a miƙa masa ayaba, lemu ko dabino.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.