Gashin tumaki da tace gubar iska da ruwa: ina rabonmu a ciki?

Shekara da shekaru ke nan makiyayan ƙasashen Turai na kuka da faɗuwar farashin gashin tumaki. A shekarar 2020 abin ya kai matsayin da a Birtaniya kuɗin da makiyayi ke biyan mai yi wa tunkiya aski ya zarce abin da yake samu idan ya sayar da gashin, har wasu suka riƙa ƙone shi ko su mai da shi taki. Manyan masaƙu sun fi son ulu mai laushi irin wanda ake kawowa daga Ostareliya, shi kuwa mai kaushin nan na gida ya rasa masaya. Bugu da ƙari, wata dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta sanya ɗanyen gashin cikin jerin ragowar jikin dabbobi da ba a zubarwa yadda aka ga dama, ke nan ko rabuwa da shi ma sai an kashe kuɗi.

Cikin wannan hali ne masanan cibiyar bincike ta ƙasar Italiya, wato CNR, reshenta na garin Biella da ya shahara wajen saƙar ulu, suka duƙufa neman wata hanyar amfani da gashin da aka raina. A shekarar 2009 suka buga sakamakon wani aiki da ya nuna cewa ana iya narkar da gashin, a sake kaɗa shi ya zama zare siriri ainun, a yi mataci da shi domin tace iska da ruwa.

Asirin abin yana cikin wani sinadari da ake kira keratin, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gashi, kuma da shi Allah ya halicci ƙaho da kofato da farce da gashin kaza. Farar wutar da ke cikinsa ce ke ɗaure shi ya yi ƙarfi, shi ya sa gashi ke wari idan an babbake shi. Masanan kan sa magunguna su kwance wannan ɗauri, su tsamo keratin ɗin, su dama shi ya zama ruwa, sannan su tura shi ta bakin wata allura da aka haɗa da wutar lantarki mai ƙarfin dubban bolt. Wutar ce ke fizgo ruwan ya miƙe, ya bushe a iska, ya taru bisa faranti kamar saƙar gizo-gizo. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1934 wani mai suna Anton Formhals ya yi mata rajista. Siririntar zaren kuwa ta kai sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashin mutum guda.

Mataci na yau da kullum aikin rariya yake yi: ya tare abin da ya fi hudarsa girma, ya bar saura ya wuce. Shi kuwa na keratin, ban da tare ƙura, yana cafke gubar ne ta manne a jikinsa. A iska an gwada shi kan fomaldehaid, gubar da ke tashi daga katakon fala-fala da gam da fenti da hayaƙin taba, wadda hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta tabbatar a 2004 cewa tana jawo wa mutum ciwon. A ruwa kuma an gwada shi kan narkakkun ƙarafa irin su jan ƙarfe da kuromiyam. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ba ta yarda kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 cikin kowace lita ta ruwan sha ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Zaren keratin zalla yana da gautsi, ba ya jimirin ruwa, dole sai an gauraya shi da nailan ko makamancinsa, wanda kuma daga man fetur ake samunsa. Magungunan da ake kwance gashin da su na da tsada, su ma suna barin nasu gurɓataccen ruwan. Allura guda ba ta kaɗa zare mai yawa. Sannan matacin da ya cika da guba shi kansa ya zama guba, wanda idan aka jefar da shi a juji an koma gidan jiya. Waɗannan na cikin dalilan da suka sa, fiye da shekaru goma sha biyar bayan wancan aiki na Biella, abin ya fi yawa a ɗakunan gwaji bisa ga kasuwa.

Mu a nan, ina ruwanmu da wannan batu? Gaskiya ne tumakinmu, irin su Balami da Uda da Ara-ara, ba masu ulu ba ne, in ban da wasu kaɗan irin su tumakin Kundum na bakin kogin Isa a jihar Tillaberi, waɗanda su ma suke ta raguwa. Amma keratin ba a jikin tunkiya kaɗai yake ba. Gashin kajin da ake figewa kullum a kasuwanninmu, da ƙaho da kofato na mayanka, da gashin da ake kankarewa daga fata kafin a jeme ta, duk shi ne, kuma yawancinsa juji yake tafiya.

Haka nan gubar ma ba baƙuwarmu ba ce. Majeman gargajiya na Damagaram da Maradi da bagaruwa suke jima, amma kamfanonin zamani da kuromiyam suke aiki. Fatu masu yawa na ƙasar nan, har da na jar akuyar Maradi, Kano suke tsallakawa, inda aka daɗe ana kokawa kan ruwan majemun Bompai da Sharaɗa da Challawa da ke kwarara cikin koguna, alhali da ruwan nan ne masu lambu ke ban ruwa. Ke nan a masana'anta ɗaya ake zubar da gubar, a nan ne kuma ake zubar da abin da ka iya kama ta.

A ganinmu, kuskure ne mu naɗe hannu muna jiran ranar da za a kawo mana matacin daga Turai mu saya da tsada. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ta Bayero a Kano na iya haɗa kai su fara da abin da ba ya bukatar manyan na'urori, wato su auna yawan gubar da wankakken gashin kaza ko na akuya ke iya kamawa daga ruwan majema, da kuma yadda za a adana shi bayan ya cika. Su kuma hukumomin kare muhalli, kada labarin sabuwar fasaha ya ɗauke musu hankali daga aikin da ke gabansu, na tilasta wa kowane kamfani tace ruwansa kafin ya sake shi, domin hanyoyin cire kuromiyam da aka sani tun tuni suna nan, aiki da su ne ya yi ƙaranci. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu dace.