Filin Mata: Ɗumame ko Sabon Tuƙi?

A wannan mako ina so mu yi shawara a kan wata al'ada da masu yin wasannin silima da na talabijin suka ɗauka, watau su ɗauko tsohon wasa wanda iyayenmu suka gani tun da daɗewa, su sake yinsa da sababbin 'yan wasa, su kawo mana. Abin ya yi yawa a Amurka da Indiya, ya kuma iso Ikko da Kano. Tun da yake mu ne ke zaune tare da yara wajen kallo, kuma sau da yawa daga kuɗin cefane ake tsakurar na kallon, ya kamata mu san abin da ake sayar mana.

Kowace mace ta san bambancin ɗumame da sabon tuƙi. Ɗumame tuwon jiya ne aka mayar wa wuta, in an iya shi yana da daɗi, amma ba wadda za ta kai wa baƙo ta ce yau ta tuƙa. Sabon tuƙi kuwa, ko da garin jiya ne da miya irin ta jiya, hannun mai tuƙin yana ciki. To, haka wasannin nan suke.

Babban dalilin da ya sa ake komawa ga tsoho shi ne kuɗi. Mai yin silima ɗan kasuwa ne, yakan zuba dukiya mai yawa tun bai ga kwabo ba. Sabon labari ba wanda ya san yadda jama'a za su karɓe shi, amma tsohon suna ya riga ya yi wa kansa talla, gama uwar da ta ga abu tana yarinya za ta so ɗanta ya gani. Kamfanin Disney na Amurka ya yi wasan zane mai suna The Lion King a 1994. A 2019 ya sake shi da kwamfuta, zakuna da kuraye kamar na daji, amma labarin kusan ba a taɓa kome a cikinsa ba, kuma ya jawo fiye da dala miliyan 1,600. Ɗumame ne, ya kuwa yi kasuwa. Saboda haka kada yawan masu kallo ya ruɗe ku.

Amma kada ku ce duk abin da aka sake ɗumame ne. Ku dubi Mother India, wanda aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na ƙasar Hausa, har tsofaffi da yawa sun san labarinsa a ka. Shi kansa maimaici ne. Mehboob Khan ya fara yin labarin a 1940 da sunan Aurat, watau mace. Bayan Indiya ta sami mulkin kai a 1947, sai ya ga labarin yana da sauran magana, ya sake shi a 1957 da launi, Nargis ta fito a matsayin Radha. Radha matar manomi ce wadda miji ya tafi ya bari da 'ya'ya da bashi, ta ja garma da ƙarfinta, ta ƙi ba da mutuncinta ga mai ba da rance ko da yunwa ta ci gidanta, daga ƙarshe ta harbe ɗanta na cikinta don ya sace 'yar mutane. A na biyun nan an mai da ita uwar gari duka, har ita aka roƙa ta buɗe sabuwar hanyar ruwa ta ban-ruwan gonaki. Mutumin ya koma wa tsohon garinsa ne don yana da abin da zai ƙara, shi ya sa na biyu ya rufe na fari.

Wanda ya koma ba da wani abin ƙari ba kuwa yakan sha kunya. An yi Sholay a 1975, ba mai kallon wasan Indiya da bai san shi ba. A 2007 Ram Gopal Varma ya sake shi da sunan Aag, har da Amitabh Bachchan a ciki, amma jama'a suka juya masa baya. Hakanan Disney ya sake Snow White na 1937 a 2025. An sauya halin yarinyar, maimakon ta zauna jiran ɗan sarki sai ta tashi neman ƙwato sarautar ubanta, duk da haka masu kallo ba su taru ba, kamfanin ya yi hasara. Ashe sauya wa yarinya magana a baki bai isa ba, sai labarin kansa ya tsaya da ƙafarsa.

A nan gida ma an bi wannan hanya. Living in Bondage, wanda aka yi da harshen Ibo a kaset a 1992, labarin wani mutum ne da ya ba da matarsa don tsafin neman kuɗi. A 2019 Ramsey Nouah ya ɗora daga inda aka tsaya, ya bi labarin ɗan mutumin, ya nuna yadda kwaɗayin uba ke bin ɗa. A Kano kuma Ali Nuhu ya sake Mujadala a 2018 da matasan 'yan wasa, waɗanda suka ga na fari suna 'yan mata suka zauna kallon na biyu tare da 'ya'yansu.

To, ga shawarata. In an kawo muku tsohon wasa cikin sabuwar riga, ku dubi macen da ke ciki, gama a wurinta ake gane ko an yi sabon tuƙi. Shin tana da sana'a, tana da hankalin kanta, ana shawara da ita? Ko kuwa leshi da gwal da babbar mota kaɗai aka ƙara mata, aka bar ta da kuka da kishi kamar dā? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yarinya 'yar shekara 12 daga nan take ɗaukar yadda za ta yi magana da yadda take zaton aure yake.

Ku iyaye mata, in kun san na dā, ku zauna ku ba 'ya'yanku labarinsa, ku nuna musu inda aka sake da inda aka bari. Kakanninmu ma in suna tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba sa faɗinta iri ɗaya sau biyu, kowace tana sa abin da take so jikokinta su koya. Ku kuma 'yan makaranta, ku ɗauki na dā da na yanzu ku gwada kamar yadda malama ke sa ku gwada littafi da littafi, ku rubuta wanne ya fi da dalilinku.

Masu yin wasa kuwa muna tuna musu cewa rumbu bai ƙare ba. Mata sun rubuta littattafan Hausa masu yawa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, aka mai da shi wasa a 1998, kuma akwai irinsa da dama da ke jiran mai ɗauka. Mai hatsi a rumbu bai kamata ya riƙa ciyad da iyalinsa ɗumame kullum ba.

Wadda ta ga wani wasa da aka sake, ta rubuto mana ra'ayinta, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.